Gwajin Magungunan Haihuwa: A Fahimtar da Mace Kafin Ta Sa Hannu

A shekarar 1978 aka haifi Louise Brown a garin Oldham na ƙasar Ingila, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwan mahaifiyarta da maniyyin mahaifinta a ɗakin bincike. Duniya ta riƙe sunayen Robert Edwards da Patrick Steptoe, amma ta manta da mata 282 da suka miƙa jikinsu ga wannan bincike, waɗanda biyu kacal daga cikinsu suka samu ɗa rayayye. Ashe ke nan duk wani ci-gaba a fagen maganin rashin haihuwa a kan sadaukarwar irin waɗannan mata aka gina shi.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar haihuwa a rayuwarsa, don haka bincike ya zama dole. Abin tambaya shi ne: wace irin amincewa ake samu daga macen da gorin dangin miji da fargabar kishiya suka hana ta barci, kuma kuɗin dashen ƙwai ya fi ƙarfin gidanta? Hausawa na cewa wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Likita zai ce “gwaji”, kunnenta kuwa zai ji “magani kyauta”.

A nan harshe ya shigo. Fassara takardar amincewa kalma bayan kalma ba ta wadatar ba. Wajibi ne a fahimtar da ita cewa a galibin irin wannan bincike ƙuri'a ce ke tantance wadda za a ba sabon magani da wadda za a ba tsoho. Cewa alluran zaburar da ƙwai kan sa jakar ƙwai ta kumbura har ruwa ya taru a ciki. Cewa cikin tagwaye ko 'yan uku yakan zo da haihuwar bakwaini. Kuma tana da ikon janyewa ba tare da an daina kula da ita ba.

Mu a Arewa mun san illar sakaci da wannan. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, cikin kimanin 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayani ba. Rashin yardar da ya biyo baya na cikin abin da ya rura ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003.

Nijeriya na da ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya tun 2007. Saura aiki da su: kwamitocin asibitocin koyarwa su sa masana harshe cikinsu, kuma kada mace ta dangwala hannu sai ta maimaita bayanin da bakinta, ita kaɗai, ba a gaban miji ko suruka ba.