Mai Jego A Baƙon Gari: Wa Zai Zame Mata Uwa?

Duk unguwar da ka shiga a Garwa, Hausare ce ko Yelwa ko Rumde Ajiya, da wuya ka rasa gidan da aka kawo amarya daga nesa. Wata daga Yola ko Mubi, wata daga Kano, wata daga Maraɗi ko Injamena. Ranar kai amarya motoci cike da 'yan rakiya, ana guɗa kamar za a tsaga gari. Kwana uku kowa ya kama hanyarsa. Shekara na zagayowa ciki ya tsufa, a cikin masu guɗar nan kuwa babu ko ɗaya a kusa. Mu ma haka muke kai namu 'ya'yan Duwala da Yawunde da Librabil, wasu har Jidda da Faransa, mu juyo muna murna an rabu lafiya. Ba mu cika tambayar kanmu wa zai tsaya a kanta ranar da naƙuda ta zo ba.

Iyayenmu sun san amsar wannan tambaya tun kafin a yi ta. Shi ya sa suka ajiye goyon ciki. Cikin fari na kai wata bakwai, sai a zo a ɗauki yarinya a mayar da ita gaban uwarta, a can za ta haihu, a can za ta yi arba'in, sannan a dawo da ita da gara. Yanzu wasu na ganin wannan al'ada ce kawai ta ɓata kuɗi. Ni ban gan ta haka ba. Yarinyar da take jin kunyar ta ce wa uwar miji mararta na ciwo, uwarta ba sai ta faɗa mata ba, daga tafiyarta za ta gane. Akwai mai dafa mata abinci, akwai mai karɓar jariri da tsakar dare ta samu ta rintsa, akwai mai gyara mata zama ta nuna mata yadda ake sa yaro a nono. Hutu ne, da abinci, da idon wanda ya san abin a kanta dare da rana. Wannan shi ne ainihin jego. Ruwan zafi da kunu ƙari ne.

To iyaka ta shiga tsakani. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, shiga da fita ba kamar tsakanin Katsina da Maraɗi ba ne. Wanda ya taɓa bin hanyar Gashiga zuwa Demsa da damina ya san ba hanyar mai tsohon ciki ba ce. A 2014 Boko Haram suka kama Mubi, shekaru aka yi mutane na ɗar-ɗar da wancan ɓangaren. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disambar 2020, a tsakiyar haka kuma ga korona ta sa Kamaru ta rufe nata. Yaran da aka haifa a wancan lokaci, da yawansu kakanninsu a hoton waya suka fara ganinsu. Yanzu hanya a buɗe take, amma naira ta faɗi ƙwarai a gaban sefa. Tsohuwar da ke Kano, kuɗin motar zuwa Garwa kaɗai ya isa ya sa ta ce wa 'yarta ta yi haƙuri, Allah ya raba lafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da yake iya tsallako iyakar da abin da ba ya iyawa. Hannun uwa ba ya shiga waya. Amma umarni yana shiga. Saƙon murya na WhatsApp sai ya zo da sassafe: a tafasa ruwa sosai, safe da yamma, kada a sirka, a sha kunun kanwa, ga kanwar nan an ba direba a leda, kada a ba yaro nonon farko. Wato abin da ke da amfani a jego ya tsaya a can, abin da ke da haɗari shi ne ya iso. Ga shi babu tsohuwar da za ta duba ta ce kai, yarinyar nan ƙafarta ta kumbura, a dakata.

Wannan ba zancen turawa ba ne na raina abin namu. A Zariya aka yi binciken, a kan matanmu Hausawa. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka lura da yawan masu jego da ake kawowa zuciyarsu ta gaza, jiki a kumbure, numfashi da ƙyar. Suka danganta abin da yawan kanwa da kuma gashin jiki da zafi. Dalilin a fili yake: kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki, alhali zuciyar nan wata tara ta yi tana aikin mutum biyu. Ku haɗa wannan da zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40 a inuwa. Ban ce kada mai jego ta yi wanka da ruwan ɗumi ba, yana warware gajiya. Amma idan ta fara haki, ko tari da dare, ko ta kasa kwanciya sai a jingine, ko ƙafa da fuska suka kumbura, asibiti za a kai ta, ba ƙarin itace za a yi a murhu ba.

Asibitin ma ga baƙuwa wani dutse ne. Mu da muka tashi a nan mun manta cewa harshe uku muke yawo da shi. Yarinyar da aka kawo daga Kano ba ta jin Faransanci, ba ta jin Fulatanci, kuma da waɗannan biyun ake aiki a ɗakin awo. Ungozomar asibiti ta yi mata bayani, ita ko ta yi ta gyaɗa kai don kunya, ta fito da katin awo da ba ta san abin da ke ciki ba. An rubuta jininta ya hau, ta dawo bayan sati ɗaya, ita ta ɗauka an ce komai lafiya. Maganin ƙarin jini ta sha kwana biyu ta ajiye don yana tayar mata da zuciya. Ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu ciki, ba ta san sau nawa ya kamata ta karɓa ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya take son mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin ta haihu. Wannan ta je sau ɗaya, ta ji kamar an tsare ta a kotu, ba ta koma ba.

Da yawansu ma ba su taɓa jin labarin Shek Sante ba. Tun 2015 ake da shi a jihohin arewa uku, da tallafin Faransa da Jamus. Sefa 6,000, jaka shida, kuma ya ɗauki awo, da hoton ciki, da haihuwa ko da ta kai ga tiyata, da kula da uwa da jariri har kwana 42 bayan haihuwa. Na sani, wani lokaci a ce magani ya ƙare a je a saya a waje, wani lokaci a sha layi. Duk da haka, ku tambayi wanda aka ce wa ya kawo kuɗin tiyata da ƙarfe biyun dare ya gaya muku bambancin. Maigidan da ke wuni a babbar kasuwa, abin da ake nema gare shi bai fi safiya ɗaya ba: ya raka ta asibitin unguwa tun cikin yana ƙarami, ya ji sharuɗɗan, ya biya, ya karɓi lambar wanda zai kira idan abu ya tashi.

Sai shayarwa, inda na fi ganin ana cutar baƙuwa da sunan taimako. Kowace maƙwabciya ta leƙo da nata ilimin. Wannan ta ce dakashi ƙazanta ne a matse a zubar, alhali shi ne rigakafin farko da yaro ke samu, kuma so ake a sa shi a nono cikin sa'ar farko da haihuwa. Waccan ta ce a zafin nan ai sai a ba shi ruwa kada ƙishi ya kashe shi. Nonon uwa mafi yawansa ruwa ne, ya ishe shi har wata shida. Ruwan randa kuwa shi ke kawo gudawa, ya cika masa ciki ya rage tsotso, tsotso na raguwa nono ya ja baya. Daga nan sai ka ji an ce nononta ba ya isa, ko ba shi da kyau, a sayo madarar gwangwani, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin gidan, sai a riƙa tsinka ta da ruwa don ta daɗe. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 ne kawai na jariran Kamaru 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Sau da yawa matsalar ba ta wuce kamun nono ba: yaro ya kama kan kawai, uwa ta ji ciwo, kan ya tsage, ta fara tsoron shayarwa. Mace ɗaya da ta iya, ta zauna da ita rabin sa'a, an gama. Mu da Alƙur'ani ya ambata mana shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara, ya kuma ɗora wa uba ci da suturar mai shayarwa, bai kamata a ce sai an zo daga waje an tuna mana ba.

Baƙunta kuma ba sai an tsallaka ƙasa ba. Abokan karatuna na ENIEG da aka tura ƙauyukan Mayo Rey da Faro, wasunsu 'yan kudu ne, su ma haka suka haihu ba uwa ba dangi. Dokar aiki ta 1992 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na sati 14, da sa'a ɗaya kullum ta shayarwa har yaro ya kai wata 15. Amma malamar da ke riƙe da aji biyu ita kaɗai, wa za ta bar wa yaran ta je ta shayar?

Akwai wani abu da ni a aji nake ganin ƙarshensa, shekara goma sha ɗaya ko sha biyu bayan suna. Kowace shekara idan aka zo rubuta sunayen 'yan CM2 masu jarrabawar CEP, sai an samu yaran da ba su da takardar haihuwa. In ka bi diddigi, da yawa uwar baƙuwa ce. Ko dai ta haihu a gida ba wanda ya je meri, ko asibiti sun ba ta 'yar takardar shaidar haihuwa ta ɗauka ita ce akt ɗin, ta adana a ƙasan akwati, ko kuma ta je goyon ciki Najeriya aka dawo da yaro hannu biyu. Wa'adin da doka ta yanka na wucewa, sai ta kotu, da kuɗi da shaidu da kai-komo. Na ga yarinyar da ke ta ɗaya a ajina tana kuka a bakin ƙofa ranar da 'yan uwanta ke ɗaukar hoton jarrabawa. Babanta ba matalauci ba ne. Rago biyu aka ce ya yanka ranar sunanta.

Wasu za su ce ai wannan aikin dangin miji ne, ina ruwan unguwa. Inda uwar miji take kusa kuma akwai jituwa, madalla. Amma sau nawa mijin shi ma baƙo ne, ɗan kasuwa ko direba da ya kama ɗaki biyu a gidan haya? Ko da uwar mijin tana nan, akwai abin da yarinya ba za ta iya buɗe baki ta gaya mata ba. Wasu kuma za su ce a mayar da ita gida kawai kamar da. In hanya da lafiya da aljihu sun yarda, ban hana ba, sai dai a tafi da wuri, a tafi da katin awo, a kuma dawo da takarda. Wadda ba ta samu tafiya ba fa?

Muna da abin da za mu yi aikin da shi, ba sai mun jira wata ƙungiya daga Yawunde ba. Kowace unguwa akwai adashen mata, akwai Islamiyyar matan aure, akwai ƙungiyar biki da ke tara kuɗin anko cikin sati guda. A cikin kowace a ware mata biyu ko uku da suka haihu suka goya, aƙalla ɗaya mai jin Faransanci, su san duk baƙuwar da ke da ciki a layinsu. Ɗaya ta raka ta awo ta fassara mata. Bayan haihuwa a raba kwanakin arba'in ɗin, yau gidan wance ne zai kai abinci, gobe gidan wance. Su nemi wata ungozomar asibiti ta zo Islamiyya ko sau biyu a shekara ta koya musu alamomin haɗari: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, jijjiga, zazzaɓi, naƙudar da ta kwana ta wuni. Su kuma lura da wadda ta yi shiru, ba ta ci, ba ta barci, tana kuka ba dalili, ba ta son ɗaukar yaron. Mun saba cewa iska ce ko kewar gida. A yi addu'a, amma a kai ta ga likita, don damuwar bayan haihuwa ciwo ce mai magani, kuma kaɗaici yana ƙara ta. Limamai da masu unguwa, naku mai sauƙi ne: duk wanda ya zo gayyatar suna, a tambaye shi ko ya je meri.

Iyayena mata da 'ya'yanku ke waje, ku ma da ku nake. Wadda ke Faransa tana da PMI a kusa da ita, wurin kula da uwa da yaro da aka kafa tun 1945, kyauta ake auna jariri a kuma taimaka da shayarwa. Idan ta ce muku ga abin da aka ce mata a can, kada ku ce ta zama baturiya. Ku tambaye ta ta ci abinci, ta yi barci, wa ya leƙo ta yau. In akwai wata 'yar Garwa a garin da take, ku nemo lambarta ku haɗa su. Idan kuma za a ba matafiyi saƙo, a sa kilishi da kuka da daddawa da yajin jego, a bar kanwar a gida.