Ba kowane ciwon cikin yaro ne olsa ba



Daga Anguwan Rogo zuwa Rikkos, Gangare da Nasarawa Gwom, da zarar yaro ya kama ciki ya ce yana masa ciwo, amsar ɗaya ce: "Olsa ce, ba ya cin abinci a kan lokaci." Sai a aika kemis a sayo Gestid ko omeprazole, a hana shi yaji, a ba shi madara. A ganina wannan ɗabi'a tana cutar da 'ya'yanmu, kuma lokaci ya yi da za mu bar ta.

Yunwa da yaji suna iya tayar da ciwon, amma ba su ne tushen gyambon ciki ba. Manyan dalilansa biyu ne: wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, sai kuma yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen, diclofenac da asfirin. Likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ne suka gano alaƙar ƙwayar da gyambon ciki a 1982. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984, cikinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Galibi tun ana yaro ake kamuwa da ita, ta hanyar yawu, gurɓataccen ruwa, ko hannun da ba a wanke ba bayan bahaya. Binciken da Dakta Holcombe da abokan aikinsa suka yi a Maiduguri, wanda aka wallafa a 1992, ya nuna mafi yawan waɗanda aka gwada suna ɗauke da ita. Duk wanda ya san cunkoson gidajenmu, da yadda muke dogaro da rijiya da 'yan garuwa, ba zai yi mamaki ba.

To amma a lura, yawancin yaran da ke ɗauke da ƙwayar ba sa jin komai. Shi kuwa ciwon ciki dalilansa suna da yawa: tsutsar ciki, taifod, bushewar ciki, sikila, ciwon mara ga 'yan mata, har da damuwar makaranta. Idan muka kira komai olsa, za mu yi ta maganin abin da babu, ainihin cutar tana cin yaro.

Idan kuma da gaske ƙwayar ce ta yi gyambo, maganin kemis lallashi kawai yake yi. Likita kan haɗa maganin rage sinadarin ciki da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu, yawanci na kwana 14, gwargwadon nauyin yaro. Bayan aƙalla mako 4 da gamawa, sai a sake gwaji a tabbatar ta mutu. Sayen Flagyl ko amoxicillin na kwana 3 a ajiye da zarar an ji sauƙi, koya wa ƙwayar taurin kai ne. Ba kuma abin wasa ba ce, domin tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa dajin ciki.

Wani zai ce asibiti akwai tsada da dogon layi, kemis kuwa yana bakin ƙofa. Gaskiya ne, ba mai musun halin da ake ciki. Amma a lissafa kuɗin kwalaben da ake saye wata bayan wata, da kwanakin makarantar da yaro ke rasawa. Muna da JUTH a Lamingo, da Plateau Specialist, da Jankwano. Likita ne zai duba ya ce ko akwai buƙatar gwaji. Gwajin bahaya da na numfashi suna nuna ko ƙwayar tana nan yanzu, na jini kuwa yana iya nuna tsohuwar kamuwa. A kuma faɗa wa likita duk abin da yaro ya sha, domin omeprazole yana iya ɓoye ƙwayar a gwaji.

Alamomin da ba a kwana da su a gida: aman jini, baƙin bahaya kamar kwalta, rama, yawan amai, fari fat a ido da tafin hannu, ko ciwon da ke tashin yaro daga barci.

Iyaye mata, don Allah a daina tauna wa jariri abinci. A tafasa ruwan sha idan ba a yarda da shi ba, a wanke hannu da sabulu kafin a zauna gaban kwano. Malaman Islamiyya da na tsangaya, ku ma amanar tana wuyanku.

Allah Ya ba 'ya'yanmu lafiya, Ya raya mana su. Amin.

Sakataren ƙungiya