NAZARI: Dalilin da Ethiopian Airlines ya yi nasara a Togo, ya faɗi a Chadi, ya maƙale a Najeriya

Kamfanin Ethiopian Airlines, mallakar gwamnatin Habasha, ya fara jigila tun 1946, kuma a yau shi ne mafi girma a Afirka. Dabarar da ya daɗe yana amfani da ita wajen faɗaɗa kasuwa ita ce sayen hannun jari a kamfanonin jiragen wasu ƙasashe, ya ba su jirage da ƙwararru, su kuma su tattaro masa fasinjoji. Sai dai sakamakon dabarar ya sha bamban daga wannan ƙasa zuwa waccan.

A Togo ne aka ga ribarta ƙarara. Kamfanin ASKY ya fara tashi daga Lome a 2010, inda ya cike giɓin da rushewar Air Afrique ta bari a 2002. 'Yan kasuwa da bankunan yankin ne suka kafa shi, Ethiopian kuma ya shigo a matsayin abokin hulɗa. ASKY bai dogara da fasinjojin Togo kaɗai ba. Yana kwaso matafiya daga biranen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya zuwa Lome, inda suke hawa jiragen Ethiopian masu zuwa Amurka ko Addis Ababa.

A Chadi kuwa labarin ya sauya. An ƙaddamar da Tchadia Airlines a 2018, gwamnati na da kashi 51, Ethiopian kashi 49. Kasuwar cikin gida ƙarama ce, N'Djamena ba ta zama mahaɗar jirage ba, ga annobar korona ta zo ta ƙara dagula lamura. A 2022 aka rufe kamfanin bayan asarar shekaru a jere. Reshen da Ethiopian ya buɗe a Mozambik a 2018 shi ma ya daina aiki a 2021.

Najeriya ba ta da matsalar ƙarancin fasinja, domin jiragen Ethiopian na sauka a Legas, Abuja, Kano da Enugu. Siyasa da rashin yarda ne suka kashe Nigeria Air. A 2022 aka zaɓi Ethiopian ya riƙe kashi 49, gwamnatin tarayya kashi 5 kacal. Ƙungiyar kamfanonin jiragen cikin gida, AON, ta garzaya kotu tana ƙorafin cewa yarjejeniyar za ta durƙusar da mambobinta. Jirgin da minista Hadi Sirika ya nuna a Abuja a watan Mayun 2023, kwanaki kaɗan kafin ƙarewar wa'adin Buhari, daga baya ya tabbata hayarsa aka yi daga Ethiopian. Magajinsa Festus Keyamo ya dakatar da shirin, sannan a 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta soke cinikin.

Abin da kwatancen ke nunawa shi ne ƙwarewar baƙo ba ta isa ta raya kamfanin jirage ba. Inda aka yi nasara, lissafin kasuwa aka fara yi kafin a fenta tuta a jikin jirgi. Duk gwamnatin da ta sake taso da batun kamfanin jirage na ƙasa, tambayoyin da ya kamata 'yan Najeriya su yi mata su ne: wa zai zuba kuɗi, wa zai ɗauki asara, kuma yaushe za a wallafa yarjejeniyar kowa ya karanta?