Wa Zai Ba Da Labarin Gonin Gora?

A watan Maris na 2024 sunan Gonin Gora ya cika jaridun ƙasar nan. 'Yan bindigar da suka sace mutum 16 a yankin sun nemi naira tiriliyan 40, da motoci Hilux 11, da babura 150. Kasafin kuɗin gwamnatin tarayya na shekarar, gaba ɗayansa, tiriliyan 28.7 ne. Mutanen unguwa ne suka faɗa wa 'yan jarida, su kuma suka buga, sai ƙasa ta ji. Da babu wanda ya rubuta, da maganar ta tsaya tsakanin iyalan da abin ya shafa da addu'ar safiyar Lahadi.

Shi ya sa batun 'yancin jarida ya shafe mu, 'yan'uwa, ko da babu ɗan jarida a gidanmu. Tambayar farko game da kowace kafar labarai ita ce: wa ke biyan albashi? Gidan rediyon jiha yana cin abinci daga hannun gwamna. Jaridar ɗan kasuwa tana dogara ga tallace-tallace, kuma gwamnati na cikin manyan masu ba da talla. A 'yan shekarun nan an sami kafafe da suka nemi wata hanya. Premium Times ta fara a 2011. Ahmad Salkida ya kafa HumAngle a Abuja a 2020, aikinta kuwa bin labarin rikici, da 'yan gudun hijira, da mutanen da suka ɓace. Irin waɗannan suna rayuwa ne galibi da tallafin gidauniyoyi da gudummawar masu karatu. Tallafin waje ma yana zuwa da nasa ra'ayi, kada mu ruɗi kanmu, amma aƙalla kwamishina ba ya iya tsayar da albashin edita da waya ɗaya.

Abin da hukuma ke iya yi shi ne kama marubucin, kuma Kaduna ta ga wannan sau da yawa. Ranar 26 ga Satumba 2021 aka kai hari Madamai a ƙaramar hukumar Kaura, aka yi jana'izar mutum 38. Luka Binniyat, wanda ya taɓa shugabantar ofishin jaridar Vanguard a Kaduna, ya rubuta wa Epoch Times ta Amurka rahoto yana sukar yadda hukuma ta bi da kisan. Kwamishinan tsaron cikin gida na lokacin, Samuel Aruwan, ya kai ƙara cewa an ɓata masa suna, kuma sanatan da aka jingina wa wasu kalamai a rahoton, Danjuma Laah, ya ce bai faɗe su ba. Aka kama Binniyat ranar 4 ga Nuwamba 2021. Bai fito ba sai farkon Fabrairu 2022, kusan wata uku, kan tuhumar da ake ba da beli a kanta.

Kwamishina yana da hakkin kare sunansa kamar kowa, kuma akwai hanyar yin haka: ƙarar ɓata suna a kotu, inda alƙali zai auna hujja, ya sa a biya diyya idan an yi ƙarya. Hanyar da aka bi ita ce sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda ya mai da saƙon da ya fusata wani ko ya ci masa fuska laifin ɗauri. To, wane rahoton gaskiya ne game da kisa ba zai fusata wani ba? Kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. An yi masa gyara a Fabrairu 2024, amma a watan Mayu na shekarar 'yan sanda suka ɗauke Daniel Ojukwu na kafar FIJ a Legas, suka riƙe shi fiye da mako guda a ƙarƙashin dokar nan. Tsarewar kanta ta zama hukunci tun kafin shari'a. Steven Kefas ya yi kwana 162 a tsare a 2019 saboda rubuce-rubucensa kan rikicin Kajuru. Abubakar Idris, wanda aka sani da Dadiyata, malamin jami'a kuma Musulmi, an ɗauke shi daga gidansa a Barnawa a farkon Agusta 2019, shekaru suka wuce ba a ji ɗuriyarsa ba. Barnawa tana wannan gefen kogi tare da mu.

Akwai ɓangaren da ba mu cika son ji ba. A Janairu 2017 labari ya bazu cewa makiyaya sun kashe ɗalibai biyar na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Vanguard ta buga da sunan Binniyat, Audu Maikori ya yaɗa a Twitter. Kwalejin ta ce ba a kashe mata ɗalibi ba. Maikori ya janye maganar, ya nemi gafara, ya ce direbansa ne ya yaudare shi. Kama shi da aka yi bayan haka ya wuce gona da iri, har babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke a biya shi diyya. Amma labarin ƙarya ne, kuma mutane da yawa sun gaskata shi saboda ya yi daidai da abin da suke tsoro. A jihar da jita-jita ɗaya ke iya sa a tare hanya, irin wannan kuskure yana iya cin rai. Ya kuma ba masu iko hujjar da suke nema su ce duk rahoton da ya fito daga Kudancin Kaduna ƙage ne.

Mu mazauna Gonin Gora mun san nauyin wannan. Ranar 17 ga Yuni 2012 aka tayar da bama-bamai a majami'u a Wusasa, da Sabon Garin Zariya, da Tirkaniya. A ranar ce matasa suka tare hanyar Abuja a nan, suka kashe matafiya Musulmi waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Kamfanonin dillancin labarai sun ruwaito harin majami'u, sun kuma ruwaito ramuwar. Kafar da za ta buga na farko ta ɓoye na biyu ba mai zaman kanta ba ce, ta zama kakakinmu kawai, kuma maƙwabcinmu na Rigasa ba zai yarda da ita ba ranar da ta ba da labarin namu matattun. Annabi Natan bai sassauta wa Dauda don sarkin jama'arsa ne ba. Dokar da ta hana shaidar zur kuma ba ta keɓe wanda ya tura saƙo a WhatsApp na zumuntar mata ko na matasa ba.

A ganina, abin da ikkilisiya za ta iya yi ƙarami ne amma yana da amfani. Idan aka kai hari, sakataren ikkilisiya ya rubuta sunaye, da rana, da wuri, da wanda ya gani da idonsa, dabam da wanda ya ji. Lokacin da aka sace ɗaliban makarantar Bethel Baptist a Damishi ranar 5 ga Yuli 2021, adadin 121 ya tsaya daram saboda makaranta tana da rajista, kuma duk rukunin da aka sako an iya cire shi daga lissafi a san saura nawa. Yawancin ƙauyukan Chikun da Kajuru ba su da irin wannan rajista, sai littafin mambobi da ke ofishin fasto. Idan ɗan jarida ya zo, a ba shi abin da aka tabbatar, kada a ƙara ko mutum ɗaya don a ja hankali, kuma kada a ba da sunan wanda ke hannun 'yan bindiga sai da yardar iyalinsa, domin masu garkuwa su ma suna karanta labarai, suna kuma ƙara farashi idan suka ga suna ya yi tashe. Idan kuma aka kama marubuci, a je kotu ranar zama, a cika benci, ko sunansa Luka ne ko Abubakar.