Rabbi ko Raƙumi: Kafin a Sauya Motar Tsere da Jif

Da zarar damina ta kankama a garuruwan arewacin Nijeriya, ruwa ya cika ramukan titi, lunguna suka zama taɓo, sai mai ƙaramar motar tsere ya fara kallon jif ɗin maƙwabcinsa da sha'awa. Abin da ke kai-komo a ransa shi ne ko lokaci ya yi da zai rabu da wannan mota mai jan ciki, ya nemi mai dogayen ƙafafu. Magana ce ta kuɗi masu yawa, kuma ta shafi rai, nasa da na masu tafiya a gefen hanya. Saboda haka bai kamata a yanke hukunci a kanta da kwaɗayin ido ba. Amsar tana ga irin hanyoyin da mutum ke bi a shekara, kuma ilmin halittu yana da abin da zai koyar a kai.

A duniyar dabbobi babu halittar da ta fi kowace kyau a ko'ina. Rabbi shi ne sarkin gudu a doron ƙasa. Wani bincike da aka yi a Botswana, aka buga a 2013, ya auna gudunsa wajen farauta har kilomita 93 a sa'a. Amma wannan gudu na ɗan gajeren zango ne, kuma sai a ƙasa mai tauri. Raƙumi kuwa ba ya kusa da wannan gudu, sai dai tafin ƙafarsa mai faɗi ne da taushi, yana bajewa idan ya taka, yana raba nauyinsa a kan rairayi, don haka ba ya nutsewa. Kowannensu ya sami wata baiwa ya rasa wata, kuma muhallinsa ne ke nuna wace ce ke da amfani.

Haka abin yake ga motoci. Motar tsere an ƙera ta ne domin kwalta mai santsi. Tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa ba ta cika wuce santimita 10 zuwa 14 ba, kuma wannan kusanci da ƙasa shi ke ba ta damar shan kwana da gudu ba tare da ta karkata ba. Jif irin Toyota Land Cruiser tazararta ta haura santimita 20. Injinta yana iya juya tayoyi huɗu gaba ɗaya, abin da direbobi ke kira fowil, kuma tana da ƙaramar giya mai rage gudu ta ƙara ƙarfin ja. Idan aka rage iskar tayoyinta a cikin yashi, sai su baje kamar tafin raƙumi. Wanda aikinsa ke kai shi dausayin Haɗeja da Nguru, ko gandun Gashaka-Gumti, ko ƙauyukan tsaunin Mambila da damina, ba shi da abin tattaunawa a nan. Dutse ɗaya da ya fasa ma'ajiyar baƙin mai a ƙasan inji ya isa ya kwantar da motar tsere a daji. Tarihi ma ya shaida ƙarfin irin waɗannan motoci a sahara: a 1987 sojojin Chadi sun yi amfani da motocin Toyota suka ci galaba a kan tankokin yaƙin Libiya, har aka yi wa yaƙin laƙabi da sunan motar.

To, amma tsayin da ke ceton jif a daji shi ne rauninta a kan kwalta. Kowane abu yana da cibiyar nauyi, wato wurin da nauyinsa ya taru. Injiniyoyi suna auna haɗarin kifewar mota ta hanyar raba faɗin da ke tsakanin tayar dama da ta hagu da ninki biyu na tsayin wannan cibiya. Alal misali, motar da faɗinta ya kai santimita 150, cibiyar nauyinta kuma tana santimita 50 daga ƙasa, za ta ba da 1.5. Wadda faɗinta yake 160, cibiyarta tana 70, za ta ba da kimanin 1.1. Gwargwadon ƙanƙantar wannan adadi, gwargwadon sauƙin kifewa idan direba ya murɗa sitiyari da sauri don kauce wa akuya ko rami. Kayan da ake lafta wa rufin jif suna ƙara ɗaga cibiyar. Na'urar kwamfuta mai daidaita mota, wadda Amurka ta wajabta a sababbin motoci tun ƙirar 2012, ta rage wannan haɗari ƙwarai, sai dai tsofaffin jif da yawa da ake shigowa da su ba su da ita. Direban da hannunsa ya saba da motar tsere, ya shiga jif da irin wannan tuƙi, ya ɗauki rayuwarsa ya sa a faifai.

Akwai kuma wani ruɗi game da fowil. Juya tayoyi huɗu yana taimakon mota ta tashi, ta fita daga taɓo, amma ba ya ƙara mata komai wajen tsayawa, domin kowace mota tana da birki a tayoyinta huɗu. Motar tsere ƙarama kamar Mazda MX-5 nauyinta kimanin tan 1 ne, babbar Land Cruiser kuwa kimanin tan 2.5. A gudu iri ɗaya, ƙarfin motsin da birki zai kashe ya ninka sau biyu da rabi, kuma idan gudu ya ninka sau biyu wannan ƙarfi yana ninkawa sau huɗu. Ruwa ma ba ya jin kunyar girman mota. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 60 yana iya tafiya da yawancin motoci, har da jif. Idan kuma inji ya zuƙi ruwa ta mashigar iska, ya lalace nan take.

Bugu da ƙari, girman jif yana da farashin da wasu ne ke biya. Cibiyar binciken haɗurran hanya ta kamfanonin inshora a Amurka ta bayyana a 2023 cewa motar da tsayin gabanta ya wuce mita 1 ta fi mai gajeren gaba haɗarin kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin 100. Dalili kuwa shi ne gajeriyar mota ƙafa take duka, doguwa kuwa ƙirji da kai. A titin da 'yan makaranta da masu talla da 'yan acaɓa ke cuɗanya da motoci, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Daji ma yana biyan nasa kason. Taya mai nauyi tana danne ƙasa, ta toshe ƙofofin da ruwa da iska ke bi zuwa saiwoyi, sawun da ta bari kuma ya zama magudanar da zaizayar ƙasa ke farawa. Wanda ya sayi jif don ya riƙa ratsa makiyaya da gonaki saboda nishaɗi ya san wannan. Ga kuma batun aljihu: nauyi da tsayi suna ƙara shan mai, kuma tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, kowace lita ta zama abin lissafi.

Tsakanin rabbi da raƙumi akwai jaki, kuma bai kamata a raina shi ba. Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, tayoyin baya kawai injinta ke juyawa, amma da ita aka lashe gasar tseren Safari ta Kenya a 1975, kuma ta yi shekaru tana ratsa hanyoyin burji da fasinja da kaya. Sirrinta shi ne matsakaicin tsayi, da ƙafafu masu jure gargada, da kuma kasancewar kowane bakanike ya san ta. Yawancin masu kuka da ramukan gari irin wannan mota suke bukata.

Daga ƙarshe, shawarar da ta dace ita ce mai mota ya yi abin da mai bincike ke yi, ya tattara bayani kafin hukunci. Ya ɗauki littafi ya rubuta tafiye-tafiyensa na shekara guda, rani da damina, ya ƙidaya sau nawa ya fasa tafiya ko ya maƙale saboda motarsa. Idan abin na kowane mako ne, kuma abincinsa yana bayan ƙarshen kwalta, ya sauya, sannan ya koyi tuƙin jif daga farko, ya rage gudu, ya daina ɗora kaya a sama. Idan kuwa sau biyu ko uku ne a shekara, hayar jif a waɗannan ranaku ta fi arha nesa ba kusa ba. Hausawa sun ce, kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.