ZAUREN ZANGO: Ɗakin Haya Ya Gagari Yaranmu a Wagadugu

Da niyyarmu mu yi magana a kan tsadar raguna, sai wani al'amari ya sha gabanmu muka ga ba za mu iya tsallake shi ba.

Wani yaronmu mahauci, mai gashin nama a bakin titi kusa da kasuwar Rood Woko, ya same mu a zaure bayan sallar isha'i, ya durƙusa ya ce, "Baba, ku taya ni da addu'a. An sa rana, amma ɗaki ya gagara." Muka ce ya fayyace mana. Ashe dillali ya zagaya da shi gida 4, kowane gida sai ya biya kuɗin gani da na man babur. A gida na biyar ya sami ciki da falo da ya yi masa, sai mai gidan ya ce a ajiye masa kuɗin wata 3 na jingina, da na wata 2 na haya tun gaba, shi kuma dillali yana jiran la'adarsa ta wata guda. Wato kuɗin wata 6 ke nan tun kafin amarya ta shimfiɗa tabarma. Yaron nan ba malalaci ba ne, mun san shi, mun san ubansa.

Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne kalmar nan ta "mai gida". Kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin Kano da Salaga ta Gwanja, suka yada zango a garin Moro Naba har zangon ya zama unguwa, ba haka suka san mai gida ba. A wurinsu mai gida shi ne wanda baƙo ke sauka a zaurensa, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Ba ya karɓar haya, la'adarsa a cikin ciniki take. Unguwar nan ita ce Mosawa suka kira Zangwetin, wato wurin mutanen zango. A nan aka haifi da yawa daga cikinmu, kuma har muka yi wayo ba mu ga Bahaushe ya sauka a tasha ya kwana a waje ba.

To, ina Zangwetin yau? Masu shekaru sun san amsa. A 2003 gwamnati ta rushe ta tare da maƙwabtanta, Cedpalogo da Puloghin da Kamsonghin da wani yanki na Kuluba, don shirin nan na ZACA, wai a gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi. Fili ne na kadada 85, mutum wajen 12,500 aka tasa. Masu gidaje aka nuna musu filaye a Nioko da gefen Waga 2000. Amma lissafin diyya a kan fili da gini aka yi shi, ɗan haya kuwa ba shi da ko ɗaya. Da shi da baƙon da ke kwana a zaure kyauta, kowa ya kama gabansa. A shekarar nan ce kuma wuta ta cinye Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Wato cikin shekara ɗaya mun rasa makwanci mun rasa wurin nema. Shekaru aka yi filin na kwance, ciyawa na tsiro a inda muka yi karatun allo.

Ba za mu ɗora wa ZACA dukkan laifin ba. Garin ne ya kumbura fiye da yadda kowa ya zata. A ƙidayar 1985 mutanen Wagadugu ba su kai rabin miliyan ba. A 1996 sun wuce 700,000, a 2006 sun kusa miliyan ɗaya da rabi, a 2019 kuwa sun haura miliyan 2 da dubu 400. Ga ambaliyar ranar 1 ga Satumba 2009, wadda ta narkar da gidajen ƙasa ba adadi, har aka kai mutane Yagma. Ga kuma tashin hankalin da ya addabi arewa da gabashin ƙasar nan, wanda a 2023 hukuma ta ce ya raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu, wasunsu kuwa nan suka nufo wurin dangi. Duk mai ɗaki ya san in wannan ya ƙi, kafin magariba wani zai zo. Shi ya sa ba ya ko sauraron "a rage".

Tsofaffi in ana wannan hira sai su tuno da zamanin Sankara. Gaskiya ne, a ƙarshen 1984 ya yi shela cewa duk shekarar 1985 ba mai biyan hayar gidan kwana, kuma a zamaninsa aka mayar da ƙasa mallakar gwamnati, aka yanka dubun dubatar filaye aka raba, aka gina rukunin gidaje irin su An II da An III. 'Yan haya sun yi murna. Sai dai mu da muka ga abin da idonmu mun san akwai zawarawa da tsofaffi waɗanda ɗakunan nan 2 ko 3 su ne tukunyarsu, kuma mun san 'yan haya masu kunya da suka riƙa kai kuɗin da dare a ɓoye. An III ɗin ma a kan kufan Bilibambili aka gina shi. Rushe unguwar talakawa a tsakiyar gari ba a kanmu aka fara ba.

Doka kuwa akwai ta, ga wanda bai sani ba. A watan Disamba 2015 majalisar riƙon ƙwarya ta zartar da doka mai lamba 103 a kan hayar gidajen kwana. Ta ce a rubuta yarjejeniya tsakanin mai gida da ɗan haya, kuma kada hayar shekara ta wuce kashi 7 cikin 100 na darajar ginin. Mu yi lissafi tare. In ginin ya ci sefa miliyan 6, hayarsa a shekara 420,000 ce, wato jikka 35 a wata. In ɗaki ne da ya ci miliyan 2, bai kai jikka 12 a wata ba. A takarda abin gwanin kyau. Amma wa zai kimanta ginin? Wane mai gashin nama ne zai ce wa mai gida ya kawo rasit ɗin siminti da kwano? Ranar da ya faɗa, ranar zai ga kayansa a waje. Sannan a tuna, mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya tsaya a sefa 30,684 tun daga 2006, sai a 2023 aka kai shi 45,000. Yawancin yaranmu ma ba albashi suke ɗauka ba, abin da kasuwa ta bayar ne.

Wanda ya kasa sai ya fita bayan gari, unguwannin da ba a yanka ba, waɗanda ake kira nonloti. Ya sayi ɗan wuri a hannun masu ƙasa ba takarda, ya ɗora bulon ƙasa da kwano 8 ko 10, yana jiran ranar da za a zo yanka a rubuta sunansa. Wasu sun samu, da yawa sun sha ƙasa. Binciken da 'yan majalisa suka yi a 2016 ya gano filaye fiye da 105,000 da aka raba ba bisa ƙa'ida ba cikin shekara 20. Kamfanonin filaye kuma suka bi gonakin kewayen gari suna saye suna yankawa, har sai da aka yi dokar 2023 wadda ta hana su sayar da fili tsirara ba gini, ta kuma taƙaita musu kadada 5. Muna fata ta yi aiki, amma ɗan haya bai ji sauƙinta a aljihunsa ba tukuna.

Abin dariya, akwai wata unguwa can yamma bayan Pisi mai suna Zongo. Baƙi daga Kumasi ko Yamai in sun ji sunan sai su ɗauka tamu ce, su ce a kai su. Ba zangon fatake ba ne, ƙauyen Mosawa ne da gari ya cim masa. Amma ga shi yau tsadar haya tana tura yaranmu can ɗaya bayan ɗaya, har mun fara cewa wataƙila sunan ne ya kira su.

'Yan'uwanmu na Ankara za su ce mu gode wa Allah, don su hayar shekara 2 ake nema a hannunsu lokaci guda, ko da yake dokarsu ta 1963 wata 6 ta yarda. Na Kano ma shekara-shekara suke biya. Mun gode. Amma maganarmu ta yau da namu alhazan take, waɗanda Allah ya ba gidaje a Waga 2000 da Nioko da Hamdalaye. Da yawansu a zauren wani suka kwana ranar da suka shigo garin nan, da 'yar jaka a rataye. Yau wasunsu sun fi kowa tsanani, har mun ji wanda ke cewa ba ya ba Bahaushe haya, wai ɗan'uwa ba ya biya kuma ba ya koruwa. Alhaji, in akwai gaskiya a maganarka, maganinta takarda ce da shaidu 2, ba rufe ƙofa ba. Ba mu ce ka bayar kyauta ba, siminti ba kyauta ka saye shi ba. Mun ce ka rage jinginar nan, ka bar yaro ya biya ta kaɗan-kaɗan, kuma ka bar zaure ɗaya a buɗe saboda baƙo.

Ku ma 'yan haya da naku. Kada ku ba da ko dala ba rasit, ko da mai gidan limaminku ne. Ku zagaya ɗakin tare da shi kafin ku shiga, a rubuta abin da ya fashe da abin da ke yoyo, don a nan ne kuɗin jingina ke narkewa ranar fita. Ku tambayi yadda ake raba kuɗin ONEA da SONABEL a gidan, da ko akwai tsohon bashi a kan mita, domin rabin faɗan gidan haya a kan famfo yake farawa. In wata ya zo da matsi, ku je da ƙafarku ku faɗa tun kafin a zo buga muku ƙofa.

Yaronmu dai mun haɗa masa abin da ya sawwaƙa a zaure, wata gwaggonsa ta ba shi kwasar adashinta, amma bai kai ba. Ya kama ɗaki guda a Zongo, ba wuta, ruwa sai na 'yan tura. Kullum da asuba yana tuƙo keke zuwa kasuwa, ya koma bayan sha ɗaya na dare. Iyayen yarinyar sun je sun ga wurin, sun ce a ɗaga bikin zuwa bayan Babbar Salla.