Tambaya Kafin Haƙa

Jama'a, ga wata doka ta ƙasar Amurka wadda ta isa a yi tunani a kanta. Can, bututun ruwa da na gas da wasu wayoyin lantarki binne su ke a ƙasa. Mai gida in zai haƙa rami, ko na dashen itace ne, sai ya buga waya tun da sauran kwana biyu ko uku. Tun 2007 lambar guda ce, 811. Ma'aikata su zo su sa alama kyauta: ja lantarki, shuɗi ruwa, rawaya gas. Wanda ya ƙi tambaya har ya fasa, shi zai biya gyara, a kan ci shi tara kuma. Fili nasa ne, bututu kuwa na jama'a. Matambayi ba ya ɓata. Wassalam.